Yadda Za Ka Yi Digiri Na Biyu A Fannin Tsaro, Bayanan Sirri Da Yaƙi Da Ta'addanci Kana Zaune A Legas

Masu digiri cikin 'yan Arewa mazauna Legas sun fi yadda ake zato yawa. Wani ɗan sanda ne da aka turo shi Ikeja ko Panti, wani sojan ruwa ne a Apapa, wani jami'in kwastam ne a Tin Can. Wani kuwa a Agege aka haife shi, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana taya mahaifinsa kula da harka a kasuwar Mile 12 kafin Allah Ya kawo aiki. Da yawansu suna sha'awar ƙaro karatu a fannin tsaro, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kusan kowa a cikinmu yana da ɗan'uwa a Borno ko Zamfara ko Katsina da wannan masifa ta taɓa.

Tun kafin a je ko'ina, ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba: wannan karatu ba ya sa wa mutum kaki, ba ya mayar da shi ɗan leƙen asiri. Babu harbi a ciki, babu atisaye. Karatu ne da rubutu, da koyon yadda ake tace labari a raba gaskiya da jita-jita, da sanin abin da doka ta ba jami'i damar yi da abin da ta hana shi. Wanda ya shiga da wannan fahimta zai ci moriyarsa. Bahaushen Legas ma yana da wani jari da yawancin 'yan ajinsa ba su da shi, wato harshe da sanin mutane, sai dai jarin nan yana tafe da haɗarinsa, zan zo kansa.

Mataki na farko: ka san wane irin digiri kake nema

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi da shekaru, don haka a tsaya a kai sosai.

Jami'o'in Najeriya suna ba da digiri na biyu iri biyu. Akwai na ilimi zalla, wanda ake rubuta masa MSc ko MA. Shi ne mai kundin bincike mai nauyi, kuma shi ne tsanin hawa zuwa digirin digirgir. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda aka tsara domin ma'aikata: darasi da yamma ko ƙarshen mako, kuɗinsa ya fi tsada, sharuɗɗan shigarsa sun fi sauƙi, kuma a jami'o'i da yawa daga shi an rufe ƙofa, ba a wucewa da shi zuwa digirgir. Sunayensu kan yi kama da juna har mutum ya ruɗe. Sufeton da ke son ƙarin ilimi da takardar da za ta shiga fayil ɗinsa, na ƙwarewar aiki ya wadatar da shi. Matashin da ke burin koyarwa a jami'a ko zama mai bincike, idan ya yi kuskuren shiga wannan, sai ya gama ya tarar dole ya sake wani daga tushe. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi ofishin karatun gaba da digiri na jami'ar a fili: shin da wannan takarda za ku ɗauke ni digirin digirgir? In sun ba ka amsa, ka nemi ganinta a rubuce cikin littafin ƙa'idojinsu.

Sai kuma PGD, wato difloma ta gaba da digiri. Ita gada ce. Mai HND, da wanda ya fita da digiri mai daraja ta uku, da wanda ya karanta abin da bai shafi fannin ba, kamar lissafin kuɗi ko kimiyyar sinadarai, yawanci ta nan ake cewa su bi. Shekara guda ce a mafi yawan wurare. Kada ka ɗauke ta a matsayin ci baya. Wanda bai taɓa zama ajin nazarin zamantakewa ba yana buƙatarta da gaske.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne manyan cibiyoyin da ake jin sunansu a labarai: Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, da Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, da Cibiyar Nazarin Tsaro ta Ƙasa da ke Bwari, wadda ke da alaƙa da hukumar DSS. Manyan kwasa-kwasansu ba irin waɗanda ake sayen fom a shiga ba ne. Hukumomi ne ke zaɓar manyan jami'ansu su tura. Ka cire su daga lissafi a yanzu.

Mataki na biyu: ka zaɓi makaranta da la'akari da inda kake kwana

A Legas, nisan makaranta da gidanka ya kusa kai ingancinta muhimmanci. Darasin ƙarfe biyar na yamma a Akoka ba wasa ba ne ga wanda ya tashi aiki ƙarfe huɗu a Ikorodu.

Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, ita ce ta farko da za ka duba. Tana da sashen tarihi da nazarin dabarun tsaro, akwai sashen nazarin zamantakewa inda ake karantar da ilimin laifuka, ga kimiyyar siyasa da tsangayar shari'a. Jerin kwasa-kwasan yana sauyawa, saboda haka ka karanta tallar neman ɗalibai ta shekarar da kake ciki, ka bar dogaro da abin da wani ya gaya maka ya gani shekaru biyar da suka wuce. Mazauna Agege sun samu sauƙi tun da jirgin ƙasa na cikin gari mai jan layi ya fara jigila a 2024: ka hau a Agege, ka sauka a Yaba, ka shiga motar da ke kai ɗalibai cikin makaranta. Na Idi-Araba kuwa dama kusa suke.

Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ta 1983, ita ta fi dacewa da wanda ke zaune wajen Alaba Rago ko kan hanyar Badagry. Ka fara tambaya daga tsangayar kimiyyar zamantakewa.

Ga mai aikin da ba shi da tabbataccen lokaci, kamar ɗan sandan da yau yana dare gobe yana rana, ko wanda ana iya yi masa canjin wurin aiki kowane lokaci, Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, ita ce mafita. Tana da karatun ilimin laifuka da tsaro, tana da na zaman lafiya da sasanta rikici, tana da cibiyoyi a Legas har da wadda ke Victoria Island, kuma idan aka mayar da kai Maiduguri ko Sakkwato za ka iya ci gaba daga cibiyar can. Aibinta ɗaya: ba mai bin ka da sanda. Wanda ba ya iya zaunar da kansa ya yi karatu, zai yi ta biyan kuɗin zango yana faɗuwa.

Kada ka manta da Ibadan. Jami'ar can ta yi suna a nazarin zaman lafiya da dabarun tsaro, kuma tun 2021 akwai jirgin ƙasa tsakanin Legas da Ibadan, har da tasha a Agege. Ga mai son karatun bincike na gaske, ni a ganina ta cancanci wahalar zirga-zirgar.

Wanda ke shirin komawa gida kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe tana ba da digiri na biyu a kan aiwatar da doka da shari'ar laifuka, Jami'ar Bayero tana da nata a kan laifuka, kuma makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna tana ɗaukar farar hula a karatun gaba da digiri.

Gargaɗi guda kafin a wuce. Kwatano tana nan kusa, kuma akwai dillalan da ke yawo da tallar digiri cikin 'yan watanni. A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ake sayensu. A kowane fanni takardar bogi abin kunya ce, amma a aikin tsaro, inda ake bincikar tarihin mutum kafin a ɗauke shi, ita ce ƙarshen maganar. A cikin gida ma, ka tabbata jami'ar tana cikin jerin da Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta amince su yi karatun gaba da digiri.

Mataki na uku: takardu

Abin da ake nema kusan ɗaya ne ko'ina: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, wasu wuraren da lissafi, digiri na farko, mafi ƙaranci mai daraja ta biyu ƙarama idan na ilimi zalla kake nema, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, sai wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san ka. Dokar NYSC ta yafe wa wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri, da wanda ya yi fiye da wata tara a aikin soja ko ɗan sanda, amma yafewar ma takarda gare ta, sai ka je ka karɓo.

Abin da ke cin lokaci shi ne tiranskirif, takardar da ke nuna makin kowane darasi da ka yi. Ba a hannunka ake so ka kawo ta ba. Tsohuwar jami'arka ce za ta aika kai tsaye. Idan a Maiduguri ko Sakkwato ko Kano ka yi digiri kana zaune a Legas, ka fara nemanta watanni kafin a buɗe fom, kuma ka samu wani amintacce a can da zai riƙa leƙa ofishin. Mutane da yawa sun samu gurbi sun rasa shi saboda wannan takarda ba ta iso ba.

Ka kuma jera takardunka ka duba sunanka. Muhammad a WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a katin NIN: wannan ciwon namu ne, kuma ma'aikacin rajista a Akoka ba zai ɗauka mutum ɗaya ba ne don ka rantse masa. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun da wuri. Haka ranar haihuwa.

Fom kuma ka saya da kanka a shafin jami'ar, ka biya ta hanyar da suka ayyana, yawancin jami'o'in tarayya ta Remita. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Wasu sassan suna yin jarrabawar tantancewa ko ganawa, ka tambaya.

Idan kana cikin kaki, ka rubuta neman izinin karatu ta hannun shugabanka kafin ka fara. Digirin da aka yi ba da izini ba yana iya zama bai shiga fayil ba, wani lokacin ma ya jawo takardar tuhuma.

Mataki na huɗu: ka fara karatu kafin a kira ka aji

Tsakanin sayen fom da fitowar sunaye akan ɗauki watanni, kuma yajin aikin malamai na iya ƙara tsawonsa. Na 2022 wata takwas ya yi. Kada lokacin ya tafi a banza. Akwai takardun da duk malamin fannin zai ɗauka ka sani, kuma kyauta suke a intanet.

Ka fara da sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Duk muhawarar 'yan sandan jihohi daga nan take tasowa. Sai Dokar 'Yan Sanda ta 2020, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ta yi magana a kan kama mutum da tsare shi da ɗaukar bayaninsa. Legas tana da tata dokar ta jiha wadda ta riga ta tarayya fitowa. A ɓangaren ta'addanci, dokar farko ta fito a 2011, aka gyara ta a 2013, sannan ta 2022 ta maye gurbinsu, ita ce kuma ta ba Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro gindin zama a doka. Ka haɗa da tsarin yaƙi da ta'addanci na ƙasa na 2014 da aka sabunta a 2016, da tsarin hana tsattsauran ra'ayi na 2017. A ɓangaren bayanan sirri, ka san cewa dokar soja ta 1986, zamanin Babangida, ita ta rusa tsohuwar hukumar tsaron ƙasa ta NSO ta raba aikinta uku: SSS da muke kira DSS don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA don soja. Ɗalibin da bai iya bambance aikin waɗannan uku ba, tun makon farko za a gane shi.

Tarihin ma yana da daɗi ga Bahaushen Legas, domin da kakanninmu aka fara. A 1861 Turawa suka kafa 'yar rundunar masu gadi a Ikko, a 1863 kuma John Glover ya tara rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa, wadda 'yan sanda da sojan Najeriya duk suke jingina asalinsu gare ta. Sai a 1930 aka haɗe rundunonin Kudu da Arewa suka zama ɗaya. Dalilin da ya sa Bature ya ɗauko baƙi ya ba su bindiga su tsare garin da ba nasu ba, tambaya ce da har yau take bayyana abubuwa da yawa game da yadda talaka ke kallon ɗan sanda, kuma za ka ji ta a aji.

Cikin darussan da za ka tarar, wanda ɗalibai suka fi gudu shi ne dabarun bincike da ƙididdiga. Shi ne kuwa mafi amfani. Darasin bayanan sirri ma a kansa ya tsaya: a faɗa maka abin da ake son sani, ka tattaro, ka tace, ka auna ƙarfin kowace majiya, ka rubuta wa mai yanke hukunci a shafi ɗaya ko biyu, ka nuna masa abin da ka tabbatar da abin da zato ne kawai. Idan Turancinka na rubutu yana da rauni, ka yi aiki a kansa yanzu. Ka koyi Excel sosai, in da hali ka ƙara da SPSS, wato manhajar ƙididdiga, ko kuma wata manhajar taswira.

Mataki na biyar: zaɓen abin da za ka yi bincike a kai

Da zarar malamai da 'yan aji sun ji sunanka, za su ɗauka Boko Haram za ka rubuta a kai. Ka yi tunani kafin ka yarda. An yi rubutu a kan wannan ƙungiya fiye da ƙima, kuma ɗalibin da ke zaune a Legas, ba kuɗin zuwa Borno, ba izinin shiga sansanin Mallam Sidi na Gombe inda ake gyaran tubabbu ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016, abin da zai iya kawai shi ne kwashe abin da wasu suka rubuta ya sake jerawa. Irin wannan kundin yana samun maki, amma ba ya kai mutum ko'ina.

A bakin ƙofarka kuwa akwai batutuwan da ba a taɓa su sosai ba. Yaya sarakunan Hausawa na Agege ko Idi-Araba da shugabannin kasuwa suke sasanta rigima kafin ta kai ofishin 'yan sanda, kuma wace iri ce suke miƙawa? Me aka koya daga rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 da na Mile 12 na Maris ɗin 2016, kuma wa ke kiran wa a waya yau idan hayaniya ta fara? Haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida da gwamnatin jihar ta yi a watan Yunin 2022, ina ya tura matasan da suka rasa sana'a, kuma ya ya sauya dangantakarsu da jami'an tsaro? Masu gadi 'yan Arewa da 'yan Nijar da ke ƙofar gidaje daga Ikoyi zuwa Festac, su ne idon unguwa da dare. Shin akwai wata hanya da abin da suka gani ke isa wurin DPO, ko tsoro ne ke sa su yi shiru? Akwai Asusun Tallafa wa Tsaro na Jihar Legas da aka kafa a 2007 zamanin Fashola, wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi ana saya wa 'yan sanda motoci da kayan aiki, akwai rundunar tsaron unguwanni ta jihar, akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, ga kuma duk abin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020. Mai sha'awar kuɗi zai iya duba yadda 'yan canji ke fama da dokokin hana halasta kuɗin haram na 2022.

A duk waɗannan, kai ne za ka zauna da dattijo a zongo ka gaishe shi yadda ya kamata, ya saki jiki ya yi maka bayanin awa biyu. Ɗan ajinka da ba ya jin Hausa sai ya nemi tafinta, kuma rabin maganar a hanya za ta zube. In ka ƙara da Yarabanci, kamar yawancin haifaffun Agege, to kana jin ɓangarorin biyu ke nan.

Ka taƙaita batun. Unguwa ɗaya, shekaru ƙayyadaddu, tambaya ɗaya. Don alƙaluma, akwai rumbun ACLED mai tattara bayanan rikice-rikice a ƙasashen duniya, akwai Nigeria Watch da ke tattara rahoton mace-macen tashin hankali tun 2006, akwai rahoton ta'addanci na duniya da ake fitarwa shekara-shekara, da binciken gidauniyar CLEEN, wadda a Legas aka kafa ta a 1998 don aikin gyaran 'yan sanda. Ɗakin karatu na Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke titin Kofo Abayomi a Victoria Island ma wuri ne da ɗalibai ba su cika tunawa da shi ba. Ka tuna dai yawancin waɗannan alƙaluma daga rahoton jarida aka tsamo su, kuma ƙauyen da ɗan jarida bai je ba, mutuwarsa ba ta shiga lissafi. Ka faɗi haka a kundinka, malamai suna girmama ɗalibin da ya san iyakar alƙalumansa.

Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinka, in an ba ka zaɓi, ka tambayi waɗanda suka gabace ka wane ne ke karanta babi ya dawo da shi a kan lokaci. Babban suna ba ya amfanar ɗalibi idan mai sunan kullum yana Abuja.

Mataki na shida: ka tsare kanka da mutanen da suka yi maka magana

Ga haɗarin da na ambata. Saurayi mai suna irin namu, a Legas, da waya cike da bidiyon Shekau da wa'azin 'yan ISWAP, idan aka tare shi a shingen bincike da dare, kalmar "ɗalibi ne ni" ba za ta fitar da shi da wuri ba. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma da shi za ka yi shiri. Kada ka ajiye farfagandar waɗannan ƙungiyoyi a wayarka. Kada ka shiga zaurukansu na Telegram ko WhatsApp da sunan bincike, kada ka tura wa kowa saƙonsu. Abin da kake buƙata daga kalamansu, masana sun riga sun fassara sun yi sharhi a littattafai da mujallun ilimi. Daga can za ka ɗauko. Idan aikinka ya tilasta duba asalin wani abu, ka yi shi da sanin malaminka a rubuce.

Kafin ka fita tambayoyi, ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku mai ɗauke da sunanka da taken bincikenka da hatimi, ka riƙa yawo da kwafinta tare da katin ɗalibi. In jami'ar tana da kwamitin ɗa'ar bincike, ka bi ta wurinsa. Za ka yi hira da 'yan sanda? Ka rubuta wa Kwamishina a hedikwatar Ikeja ka jira amsa, domin ƙaramin jami'i ba zai yi magana ba sai ya ga izini daga sama. Za ka shiga kasuwa ko zongo? Ka fara da sarki ko shugaban kasuwa, ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka ba ɓoye-ɓoye. Ka sani wasu za su ɗauka kai ɗan rahoto ne na hukuma, musamman in sun san kana aikin kaki. Maganin wannan shi ne gaskiya tun farko da cika alkawari: ba suna a kundi, ba hoto, ba ɗaukar murya sai da yardar mai ita.

Alkawarin sirrin ma yana da iyaka. Dokar ta'addanci ta mayar da ɓoye bayanin da zai taimaka a hana hari laifi. Saboda haka ka gaya wa wanda za ka yi hira da shi tun kafin ya buɗe baki cewa ba ka zo jin shirin aikata laifi ba, kuma in ka ji ba za ka iya rufewa ba. Jami'an da ke karatu kuma su kiyaye ta ɗaya gefen: abin da ka gani a fayil ɗin ofis ba kayan kundi ba ne. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta.

Mataki na bakwai: idan waje kake hange

Jami'ar Macquarie da ke Sydney a Ostireliya ta yi suna da haɗa aikin ɗan sanda da bayanan sirri da yaƙi da ta'addanci a karatu guda. A Ingila akwai sashen nazarin yaƙi na King's College a Landan, a Sukotland kuma Jami'ar St Andrews tana da cibiyar nazarin ta'addanci tun 1994. Da faɗuwar naira, biyan kuɗinsu daga aljihu ya fi ƙarfin yawancinmu, sai dai tallafi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda. Yana neman ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu, awa 2,800 a lissafinsu, ana buɗe shi wajen watan Agusta, kuma da sharaɗin ka dawo gida ka yi shekara biyu bayan ka gama. Akwai na Commonwealth da ake nema ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya. Jarrabawar IELTS, ta gwajin Turanci ga mai neman karatu a waje, ana yin ta nan Legas. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da mata da 'ya'ya.

A irin wannan nema, abin da ke ɗaga mutum shi ne ya nuna aikin da ya taɓa yi da hannunsa. Shekara biyu a kwamitin sulhu na kasuwa ko a wata ƙungiyar da ke bin haƙƙin waɗanda aka tsare ta fi dogon bayani a kan kishin ƙasa.

Mataki na takwas: inda takardar ke aiki

Ga jami'i, digirin yana taimakawa wajen samun aikin ofishin bincike, tsare-tsare ko koyarwa a kwalejin horo, amma ƙarin girma yana bin ƙa'idar hukumarsa ne da shekarun aiki. Ga farar hula mai son shiga 'yan sanda, DSS, kwastam ko EFCC, ƙofar shiga tana nan yadda take, da iyakar shekarun haihuwa. Idan kana dab da iyakar, ka nemi aikin tukuna, karatun ya biyo baya. Masu sayar da gurbin aikin DSS a Facebook 'yan damfara ne, hukumar da kanta ta sha fitar da sanarwa a kansu.

Kasuwar da ta fi faɗi a Legas ta kamfanoni ce. Bankuna suna da sassan bin dokar hana halasta kuɗin haram da binciken zamba, waɗanda ke aika rahoto ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da sabuwar ta Lekki suna buƙatar jami'an tsaro masu sanin ƙa'idar tsaron tashoshi ta duniya. Kamfanonin sadarwa da na mai da masu rarraba kaya zuwa Arewa suna biyan masu nazarin haɗari su gaya musu wace hanya ce ke da lafiya a wannan makon, haka ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jakadanci. A nan mai iya sauraron rediyon Hausa da karanta abin da ake rubutawa a Facebook daga Gusau ko Damaturu, ya mayar da shi rahoton Turanci mai tsabta kafin azahar, yana da abin sayarwa. Masu kamfanin gadi kuma lasisinsu daga hukumar Sibil Difens yake fitowa, kuma manyan kamfanoni suna daraja takardar ƙwarewa ta CPP da ƙungiyar ƙwararrun tsaro ta duniya, ASIS, ke bayarwa, wadda sai mutum ya tara shekarun aiki ake barinsa ya zauna jarrabawarta.

Tun kana zango na biyu ka fara rubuta gajeren nazari, shafi ɗaya ko biyu, a kan wani lamarin tsaro da ka fahimta, ka ba malaminka ya gyara, ka adana mafi kyawunsu guda huɗu ko biyar. Ranar ganawar neman aikin mai nazari, samfurin rubutu suke cewa ka kawo, wasu ma a take za su ba ka labari su ce ka taƙaita musu shi cikin awa guda.